Maigida ya ce ƙuri'ata asara ce, matan adashinmu kuma sun ce ba za su fita ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a wani gari a kudancin Jihar Katsina, ina da yara huɗu. Siyasa ce ta shigo mana har cikin ɗaki. Akwai ɗan takarar shugaban ƙasa da hankalina ya kwanta da shi, sai dai jam'iyyarsa ba ta da ƙarfi a wajenmu. Baban yara ya ce in na ba shi ƙuri'ata zubar da ita na yi, har ma na taimaki wanda ni da shi duka ba ma so ya ci. So yake duk gidan mu bi babbar jam'iyyar da yake ganin ita kaɗai za ta iya kayar da wancan, kuma mu yi sak daga sama har ƙasa. Mun yi musu har ya fara ɗaure mini fuska. Sannan ni ce uwar adashin unguwarmu. Yawancin matan ba su tsayar da kowa ba. Wasu sun ce duk kanwar ja ce, wasu sun ce wanda ya kawo taliya da atamfa shi za su yi, wasu kuma sun ce ko ƙofar gida ba za su leƙa ba. Na yi ta tura musu bidiyo a WhatsApp har biyu suka fita daga zauren. Anti, in bi maigida ko in bi zuciyata? Kuma ta yaya zan shawo kan matan nan?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yara.

Bari in fara da maganar Baban yara, domin ba maganar banza ya yi ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso kuma 1,496,687. Idan kika haɗa na mutum ukun da suka faɗi, sun haura miliyan 14 da rabi, alhali wanda ya ci bai kai kashi 37 cikin 100 ba. Kuma dukan ukun nan a PDP suke a zaɓen 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a lokacin. Wannan shi ne abin da ke cin mijinki a rai, ko ya faɗa da lissafi ko bai faɗa ba. Ya kuma ga abin da ya faru a 2015. Sau uku Buhari yana takara yana faɗuwa, a 2003 da 2007 da 2011. Sai da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC a 2013, sannan ya kayar da shugaba mai ci. Duk wanda ya shaida wannan ba za a ga laifinsa ba in ya ji tsoron rarraba ƙuri'a.

Amma lissafinsa yana da rami, kuma ina so ki gan shi. Ƙuri'un mutane ba buhunan masara ba ne da za a kwashe daga wannan rumbu a jibge a wancan su tashi daidai. Da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓi Obi a Inugu ko Legas, da an ce Atiku ne kawai a takarda, gida za su zauna. Da yawa daga masu jar hula a Kano, da Kwankwaso bai tsaya ba, ba lallai su bi inda aka nuna musu ba. Sannan wa ya san wanda zai zo na biyu kafin a kaɗa? Watanni kafin wancan zaɓe ana ta cewa jam'iyyar Obi ba ta da gwamna ko ɗaya, ba ta da mutane a ƙasa, ƙuri'ar da aka ba shi asara ce. Sai ga shi ya ci jihohi 11 da Abuja, har da Legas, gidan Tinubu. A ɗaya gefen kuma, wasu ƙuri'un jin ra'ayi da aka yi ta yaɗawa sun nuna shi ne a gaba, ya zo na uku. Masu raina shi sun yi kuskure, masu cika baki a kansa ma sun yi. Saboda haka in mutum ya ce miki jam'iyya kaza ce kaɗai za ta iya, ki tambaye shi cikin ladabi daga ina ya sani. Idan amsar ita ce cikar filin taro, to kin san yadda ake cika fili da motocin haya.

Akwai abin da mutane da dama ba su fahimta ba game da zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, kuma shi ne ginshiƙin amsar tambayarki. Cin jiha shi kaɗai ba ya ba ɗan takara komai. Tsarin mulki, a sashe na 134, abu biyu ya nema: ya fi kowa yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, kuma ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato jihohi 24. Dubi jiharku. Atiku ya ci Katsina da ƙuri'a 489,045, Tinubu na biye da 482,283. An yi ta murna an ci jihar Buhari, shugaban ƙasa na lokacin, amma a babban lissafi ratar ba ta kai dubu 7 ba, kuma kowannensu ya tafi da kasonsa na 25. Dubi Kano. Kwankwaso ya samu kusan miliyan ɗaya, amma ƙuri'a 517,341 da Tinubu ya samu a can sun shiga jimillarsa cif, sun kuma ba shi kason da yake nema, Atiku kuwa ko kusa da kashi 25 bai je ba. Wannan ƙa'ida ta taɓa riƙe ƙasar nan gaba ɗaya a 1979, lokacin jihohi 19 ne. Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma, inda Malam Aminu ya mamaye, ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20. Sai da aka je Kotun Ƙoli kan ko kashi biyu cikin uku na 19 yana nufin 13 ne ko 12 da biyu bisa uku.

Ma'anar wannan a gare ki ita ce ƙuri'arki daga ƙauyen Katsina nauyinta ɗaya da ta mai kuɗin Abuja a jimillar ƙasa. Rashin ƙarfin ɗan takararki a garinku ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne matsayinsa a ƙasa baki ɗaya: yana cikin biyu ko ukun da ke kokawar gaba, ko kuwa yana can nesa? Idan yana cikinsu, maganar asara ba ta taso ba, ko da ke kaɗai ce kika dangwala masa a akwatinku. Idan yana nesa, to gaskiya ce ƙuri'arki ba za ta kai shi fadar shugaban ƙasa a wannan karo ba, kuma bai kamata ki yaudari kanki ba. Mu ba kamar maƙwabtanmu na Nijar ba ne, inda tsarin zaɓensu kafin juyin mulkin 2023 ya tanadi cewa sai mutum ya haura rabi. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, sai sauran suka haɗa kai a zagaye na biyu suka ɗora Mahamane Ousmane. A irin wannan tsari mutum na iya bin zuciyarsa da farko, ya yi lissafi daga baya. Mu a nan doka ta tanadi zagaye na biyu, amma ba a taɓa kaiwa gare shi a zaɓen shugaban ƙasa ba. Sau ɗaya ake dangwalawa.

To ko da yana nesa, ƙuri'ar da aka ba shi ba ta bi ruwa ba. 'Yan siyasa sun fi kowa karanta sakamako, akwati bayan akwati. Ƙuri'un da NNPP, jam'iyyar Kwankwaso a zaɓen 2023, ta samu a Kano ba su ba shi shugabanci ba, amma a rana guda sun ba jam'iyyar kujerun sanata biyu cikin uku da mafi yawan 'yan majalisar wakilai na jihar, bayan mako uku kuma ta karɓi kujerar gwamna. Wanda ya zo da ƙuri'a miliyan ɗaya a hannu, da shi ake zama a teburin sulhu a zaɓe na gaba.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki guda ɗaya ce, kuma ba wanda zai amsa miki ita: wanne ya fi nauyi a ranki, son da kike yi wa naki ko tsoron da kike yi wa wancan? Idan kin yi imani cewa cin wancan zai jawo cutar da ba za ta gyaru cikin shekara huɗu ba, kuma ta bayyana ƙarara mutum biyu ne ke kokawa, to ba wa wanda ya fi dama-dama a cikinsu ba cin amanar kai ba ne. Mutanen kirki da yawa sun yi haka da idonsu biyu. Idan kuwa kina ganin manyan biyun ba su da wani bambanci da zai sa ki bar wanda kika yarda da shi, ki ba shi abinki da natsuwa. Abin da ba na so shi ne ki yanke wannan hukunci yanzu, cikin zafin musu. Ki jira hukumar zaɓe ta fitar da sunayen ƙarshe, ki ga wa ya janye, wa ya haɗe da wa. Makon ƙarshe ya isa.

Maganar sak kuwa, a nan na fi saɓawa da Baban yara. Takarda uku za a miƙa miki ranar: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Kowace da lissafinta. Katsinawa da kansu sun nuna haka a 2023, domin a ranar da suka ba Atiku na PDP rinjaye, a ranar suka ba APC dukan kujerun sanata uku. Wake da shinkafa ke nan. A Kebbi gwamna mai ci, Atiku Bagudu, ya nemi sanata ya faɗi a hannun Adamu Aliero. Sak ta shigar da mutane majalisa waɗanda ko a unguwarsu ba za su ci kansila da sunansu ba, suka yi shekara huɗu ba a ji muryarsu ba, ba a kuma gan su a gida ba ko ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyukan mazaɓarsu. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba sa bukatar a ba su labarin wannan. Sai dai in yi wa mijinki adalci a nan ma. A 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna, jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, suka cika majalisar dokoki da 'yan NPN. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a 1981 ta tsige shi. Shugaba ba 'yan majalisa yana shan wuya. Don haka idan 'yan takarar biyu sun yi kunnen doki a wajenki, ba laifi ki fifita na jam'iyyar shugaban da kika zaɓa. Amma kada ki ɗora wanda kika san ba shi da amana saboda tambarin da ke jikinsa. Kuma a waɗannan ƙananan kujeru ne ƙarfin jam'iyya a garinku yake da muhimmanci sosai, domin wanda ya fi yawa a mazaɓar shi ya ci. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Tambuwal da Ahmad Aliyu. Akwati ɗaya ke nan.

Yanzu zaman gidanku. Ki daina musun a gaban yara, ki kuma daina yin sa lokacin da ya dawo daga majalisa kansa ya ɗau zafi. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki fara da abin da kuka haɗu a kai, ki ce, "Baban yara, ni da kai abu ɗaya muke gudu, hanya ce ta bambanta. Ka yi mini bayanin lissafinka in ji." Ki saurare shi har ya gama. Sau da yawa namiji ba ƙuri'ar ce ke damunsa ba, abin da ke damunsa kar a ce a waje ko gidansa bai iya riƙewa ba. Ki ba shi tabbacin ba za ki liƙa hoton kowa a shagonki ba, ba za ki kunyata shi a gaban abokansa ba. Amma kada ki yi masa alkawarin ƙarya, kada kuma ki yi rantsuwa. Ki ce za ki yi tunani, za ki yi istihara, kuma ki yi da gaske. An killace wurin dangwala ne domin kowa ya tsaya shi kaɗai da Ubangijinsa. Matan Arewa ba su samu wannan dama a sauƙaƙe ba. Matan Kudu sun fara zaɓe tun shekarun 1950, mu sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha duka da ɗauri a kai. Idan abin ya kai ga ya karɓe katinki ko ya hana ki fita, kada ki yi fito-na-fito da shi. Ki kai maganar ga wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa. Ban ga alamar zai kai nan ba a yadda kika siffanta shi.

Sai matan adashi. Ƙanwata, ki dakatar da bidiyon nan daga yau. Ke ce mai riƙe kuɗinsu, ke ce mai cewa wance ce za ta kwasa a wannan mako. Idan siyasa ta fito daga bakinki a zauren adashi, mace za ta ji kamar an ɗaura kwasarta da ra'ayinta, ko ba haka kike nufi ba. Ki sanar a zauren cewa nan na zubi ne kawai. Biyun da suka fita ki taka har gidajensu ki gaishe su, kada ki ambaci zaɓe ko da kalma ɗaya.

Kuma ba matsala ɗaya ke damun matan nan ba, kin haɗa su ne a kwando guda. Wadda ta ce duk kanwar ja ce, ba jahilci ke damunta ba. Ta fita a 2015 da goyo a baya, ta tsaya a rana, yau tana auna shinkafa da gwangwani. Idan kika zo mata da yabon wani sabon gwani, tsohon zance za ta ji. Ki tambaye ta maimakon ki gaya mata. Lokacin da ta kawo ɗinki tana zaune a benci kina gwada mata, ki ce, "Yaya, in da za a gyara miki abu ɗaya a garin nan, me za ki zaɓa?" Za ta ce maganin asibiti, ko takin da mijinta ya kasa saya, ko hanyar gona da ba a iya bi saboda tsoro. Daga nan sai ku duba tare: cikin masu neman kujerar nan wa ya taɓa riƙe wani abu, me ya bari a baya? Idan ta kawo aibin naki ɗan takarar, kuma gaskiya ne, ki amsa cewa gaskiya ne. Mace ta fi yarda da wadda ta ce "nawa ma yana da nasa, amma ga dalilina" fiye da wadda ta mai da nata waliyyi. Kada ki tura abin da ba ki tabbatar ba, yanzu ana haɗa murya da hoton mutum a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, kuma ranar da aka kama ki da guda ɗaya, sauran maganarki ta zube. Kada kuma ki shigar da kafirta wani ko zagin ƙabilarsa cikin zancen, ko da kin ji wasu na yi a kan mumbari.

Masu cewa ba za su fita ba su ne suka fi yawa, kuma a nan aikinki ya fi amfani. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba. A Katsina masu rajista sun kai miliyan 3 da rabi, waɗanda suka fito miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Ke da mijinki kuna ɗaure wa juna fuska a kan ƙuri'a ɗaya, ga ashirin a zaune a unguwarku ba mai neman su. Kuma in kika bincika, da yawa ba ra'ayi ne ya hana su ba. Wata katinta na garin iyayenta tun kafin aure, ba a yi mata canjin rumfa ba. Wata nata ya ɓace. Wata ba ta da wanda za ta bar wa yara, wata maigidanta bai ce ta je ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Waɗannan duk ana magance su tun da wuri: ki bi sanarwar hukumar zaɓe kan lokacin rajista da canji da karɓar kati a ofishinta na ƙaramar hukuma, ku tafi rukuni, ku tsara wadda za ta zauna da yara da safe da wadda za ta karɓe ta. Maganar izinin mazaje kuwa, ga inda Baban yara zai shigo. Ki roƙe shi ya yi wa abokansa magana su bar matansu su fita. Zai ji an ba shi girmansa, kuma aiki ne da ku biyu za ku yi tare ba tare da kowa ya bar ra'ayinsa ba. Ki sani wasu daga cikin waɗanda kika fitar ba naki za su zaɓa ba. Ki yarda da wannan tun yanzu.

Masu taliya da atamfa, kada ki ci musu fuska. Wadda yaranta suka kwana da yunwa ba ta bukatar wa'azi daga wadda ta ƙoshi. Ni dai ba zan ce kowa ya karɓa ba, dokar zaɓe ta haramta wa mai bayarwa da mai karɓa, kuma masu rabon sukan sa mace rantsuwa, su bar ta da nauyi a zuciya. Abin da za ki iya shi ne ki yi lissafin tare da ita: taliyar nan kwana nawa za ta yi a gidan, kujerar kuma shekara huɗu ce. Ki kuma cire mata tsoron da ake dasa musu cewa na'ura na nuna wanda mutum ya zaɓa. Na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe fuska da yatsa take dubawa, ba ta ganin takardar ƙuri'a, kuma an hana shiga wurin dangwala da waya.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma yana cin ƙuri'u. A 2023 an soke sama da dubu 900 saboda kuskuren dangwala. Takardar ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, tambarin jam'iyya ne da gajeren sunanta, a jere, wasu ma sun yi kama da juna. Ki zana gidaje a takarda a shagonki, ki samo tawada ko shuɗin wanki, kowace ta gwada: yatsa ɗaya, gida ɗaya, kada ya haura layi, a bari ya sha iska kafin a naɗe don kar tawadar ta taɓa wani gidan. Ki koya wa kowa, har wadda kika san ba naki za ta yi ba. Ranar zaɓe ku je da sassafe da ruwanku. In hali ya yi kuma wuri na lafiya, mutum biyu ko uku su tsaya har a ƙirga a gaban jama'a, a rubuta sakamakon a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a liƙa kwafi a bango. Ku ɗauki hotonsa kafin ku taho gida.